Jirgin Sanholo a Ƙasar Manoma: Tarihin Ruwa da Gyara a Arewacin Kano

Wanda ya fita daga birnin Kano ta Ƙofar Ruwa a shekarar 1965, ya miƙi hanyar Dambatta ko ta Bichi, zai yi tafiyar yini guda bai ga gonar da aka bari ta huta ba, kuma in ba a tsakiyar damina ba ne, ba zai ga ruwan da ya isa a sa masa jirgi ba. Gona na manne da gona, gamba ce kawai ko aduruku ke raba su. Gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙasa, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a sama, ga jakuna suna fitowa daga birni da mangalolin taki. A wannan shekara ce Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya fitar da rahotonsa tare da J. Wilson a kan wannan yanki, inda aka shata iyakarsa da wuraren da yawan jama'a ya kai mutum 350 a kowace murabba'in mil. Abin da ya ɗauki hankalin masu bincike shi ne yadda ƙasa mai rairayi take ciyar da wannan taro shekara da shekaru ba ta gaji ba. Ba wanda ya yi zancen jirgi, domin babu shi.

Ba cewa ake babu kogi ba. Akwai Watari da Gari da Tomas da Jakara, sai dai dukkansu na damina ne. Su cika su batse a watan Agusta, su hana mai jaki ƙetarewa na yini ɗaya ko biyu, sa'an nan kafin kaka ta ƙare su koma rairayi, mata su riƙa tona shi da ƙoƙo suna ɗibar ruwa. Su ɗin da aka sani a lokacin na tafki ne da gurbi. Idan rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya, sai a sa rana, Sarkin Ruwa ya ba da izini, jama'a su faɗa da homa da koma da hannu tsura, a fito da tarwaɗa da gaiwa daga cikin taɓo. Inda ruwa ya fi ƙarfin tsayuwa kuwa, gora ce abin hawa: mutum ya kifa cikinsa a kanta, ya yi iyo da ƙafa, ya jefa abin da ya kama ta bakinta. Ita ce dai gorar da ake gani har yau a bikin kamun kifi na Argungu.

Ko da an so sassaƙa kwalekwale, ina itacen? Jirgin sassaƙa yana son gungumen maɗaci ko na kawo, miƙaƙƙe, mai kauri. A ƙasar da kowace bishiya take da mai ita, ake gadon ɗorawa kamar yadda ake gadon gona, babu manomin da zai kayar da abin da ke ba shi kalwa da garin ɗorawa da inuwa domin ya yi abin hawan da zai yi amfani na mako biyu a shekara. Saboda haka karkarar Kano ta gaji ƙira da jima da saƙa da rini da dukanci, kowace sana'a da gidajenta da sarkinta, amma ba ta gaji ƙera jirgi ba. Wannan gadon na Sarkawa ne da mutanen Yawuri da Nufawa da mazauna bakin Tafkin Chadi.

Gwamnati ce ta kawo ruwan, kuma cikin shekara goma ta kawo shi. An ƙirƙiri Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamnanta, kuma tun da wuri ya ɗora zuciyarsa a kan tare ruwan damina. An gama madatsar Bagauda a 1970, ta Tiga a 1974. A tsakanin nan ne fari ya auko, wanda ya fi tsanani a 1973, gero ya ƙone a tsaye, shanu suka faɗi. Bayan shekara biyu cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da ya rage na dalar gyaɗa. Duk wanda yake da ja a kan datse koguna, farin ya rufe masa baki, ga kuma kuɗin man fetur sun fara shigowa. Audu Bako ya bar mulki a 1975, amma shirin bai tsaya ba. Hukumar WRECA ta jiha ta ci gaba da tara ƙasa a bakin koguna a zamanin waɗanda suka biyo bayansa. Dam ɗin Tomas, a ƙasar Dambatta, da na Jakara da ke Wasai a ƙasar Minjibir, an kammala su a 1976. Na Watari a Bagwai an gina shi tsakanin 1977 da 1980, yana riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 100. Na Gari ma a wannan tsakanin ya tsaya.

Tarihin waɗannan madatsu, kamar yadda aka saba rubuta shi, tarihin noman rani ne: tumatir da albasa da alkama da shinkafa, da ruwan famfo da aka kai garuruwa. Alheri ne da ba a musunsa. Sai dai tafki ba a kan fili fetal yake kwanciya ba, balle a ƙasar da ba ta da fili. A kan fadama ya kwanta, wato mafi daraja a cikin gonaki, kuma ya haɗiye hanyoyin ƙafa da suka haɗa ƙauye da kasuwarsa, da makarantar allo, da gidan surukai. Ƙauyen da ake isa da tafiyar rabin sa'a ya koma tsallake. Injiniyoyi sun auna bango da mashigar ruwa da magudanai daidai wa daida, ba su auna yadda tsohuwa za ta je gaisuwar mutuwa a ɗaya gaɓar ba. Wannan giɓi jirgi ne ya cike shi, kuma ba wanda ya tsara zuwansa.

Kifi ne ya fara janyo shi. Ruwan da ba ya ƙafewa ya tara karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, masunta na gado suka ji labari suka biyo da kalli da birgi da mamari, 'ya'yan manoma suka koya a hannunsu. Jirgin da ya zauna a waɗannan ruwaye na katako ne, wanda ake yankowa daga dazukan kudu a kawo a mota. Kafinta ne ke haɗa shi, shi ɗin da ke yin ƙyaure da benci da akwatin amarya. Ya jera alluna ya buga ƙusa, ya cusa tsumma ko auduga a tsakani, ya narka kwalta ya shafe, inda ya tsage kuma ya manna gwangwani ya bi shi da ƙananan ƙusoshi. Dabara ce mai kyau gwargwadon hali, amma katakon da ke kwana a ruwa ya yini a ranar Afrilu ba ya daɗewa. Ƙusa ta yi tsatsa, ramin da ta shiga ya buɗe, yoyo ya fara. Shi ya sa da wuya ka ga jirgi babu ƙwarya ko yankakken galan a cikinsa, da yaron da aikinsa kwalfe ruwa. Jirgin da aka yi domin mutum biyu da taru, shi ne a hankali ya zama na fito, ya ɗauki buhuna da awaki da babur da 'yan biki.

Ranar Talata 30 ga Nuwamba, 2021, da yamma, jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka Dam ɗin Watari zuwa Bagwai. Mafi yawan waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne, za su taron Maulidi. Ya kife a tsakiyar ruwa, aka tsamo gawa aƙalla 29. Ba shi ne na farko ba, domin a 2008 ma wannan ruwa ya ci 'yan kai amarya. Hukumomi sun ce lodi ne ya yi yawa, gwamnatin jiha ta dakatar da fito a wurin, ta kafa kwamitin bincike. Maganar lodi gaskiya ce, amma rabin magana ce. Mutum yana sanin iyakar jakinsa domin kakansa ya yi kiwon jaki. Iyakar jirgi kuwa, da inda yake fara ruɓewa, da ranar da ya kamata a ja shi tudu a kifa shi, ilimi ne da bai wuce shekara hamsin a wannan ƙasa ba, kuma babu gidan da aka ce nasu ne.

A nan ne zancen jirgin sanholo ya shigo, domin duk wanda ya ga wahalar katako zai yi tunanin abin da ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, ba ya tsatsa, kuma mutum biyu za su ɗaga shi. Sanholo, wanda wasu ke kira goran-ruwa, wasu alminiyom, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. Sabon ƙarfe ne a duniya. Sai a 1886 Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka gano yadda ake tace shi da wutar lantarki, ya sauko daga abin ado ya zama kayan aiki. Bai cika shekara goma da wannan ba ya iso kogin Kwara, kuma a siffar jirgi ya zo. Faransawa sun ƙera wani jirgi mai suna Davoust, gunduwa-gunduwa, yadda 'yan dako za su iya ɗauka a ka, aka ba Laftanar Émile Hourst ya binciki kogin da shi. Saɓani tsakanin manyan 'yan mulkin mallaka ya tsayar da tafiyar, sassan jirgin suka daɗe a yashe a ƙasar da ake kira Mali a yau, sai da aka yi musu gyara kafin a harhaɗa su. A 1896 ya gangaro daga wajen Tumbutu, ya yi watanni a Sayi, ya wuce Ilo da ƙasar Yawuri, ya tsallake duwatsun Busa, ya kai teku. Abin dubawa a nan shi ne, tun farkon zuwan jirgin sanholo wannan yanki, gyararre ne, kuma ba su ya zo yi ba, leƙen ƙasa ya zo.

Ya zama jirgin masunci ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a Amurka. Masana'antun da suka ƙera dubban jiragen sama suka wayi gari da sanholo jibge da ma'aikatan da suka ƙware a buga ribit, ga yaƙi ya ƙare. Kamfanin Grumman ya fara yin kwalekwalen sanholo a 1945, wasu suka bi sahu, har ya zama kusan kowane tafki a can yana da irinsa. Waɗanda aka yi a shekarun 1950 da 1960 da yawa suna nan, jikoki na gyara su.

A daidai wannan lokaci sanholo ya shigo Afirka ta Yamma ta wata ƙofa dabam. Masaniyar tarihi Emily Osborn ta bi sawun sana'ar zuba tukwane, ta nuna yadda ta taso a Senegal a shekarun 1940, matafiya da almajiran sana'a suka yaɗa ta gari-gari. A Kano ta tarar da maƙeran fari, waɗanda dama sun saba narka azurfa da tagulla. Aikin ba ya son wutar lantarki: akwatin katako mai hawa biyu, ƙasa mai laushi da ake danna tsohuwar tukunya a ciki ta bar siffarta, gawayi da zuga-zugi ko fankar da aka haɗa da wilin keke. Sanholo yana narkewa a zafin digiri 660, gawayi ya ishe shi. Fistin ɗin mota da gwangwanin lemo da tsohuwar waya da firam ɗin taga duk abinci ne ga wannan wuta. Cikin 'yan shekaru tukunyar sanholo ta kori ta ƙasa daga murhun tuwo, ta zama dole a kayan ɗakin amarya. Wato Amurkawa sun san wannan ƙarfe a matsayin falle, Kanawa sun san shi a matsayin narkakke, kuma wannan bambanci shi ke yanke wa tsohon jirgi hukunci.

Ba a ƙera jirgin sanholo a karkarar Kano. Duk wanda ya iso bakin Tomas ko Watari baƙo ne, kuma ranar da ya fara yoyo sai a rasa gidan da za a kai shi. Ga abin da gyaransa yake bukata. Da farko a ɗora shi a kan turaku, a zuba masa ruwa a ciki, a tsuguna a ƙarƙashi ana duban inda yake ɗiga, ana zagaye wurin da gawayi. Yawanci ribit ne suka yi sako-sako saboda shekarun bugun igiyar ruwa da jan jirgi a kan tsakuwa. Ɗaure su aikin mutum biyu ne: ɗaya ya tokare kan ribit da dunƙulen ƙarfe ta ciki, ɗaya ya buga ta waje, kaɗan-kaɗan, don in aka zafafa sai fallen ya buɗe. Wanda ya karye a huda shi a fitar, a sa sabo, amma lalle na sanholo. A nan ne kafinta yake faɗawa rami da kyakkyawar niyya, domin hannunsa ya saba da ƙusa. Baƙin ƙarfe ko tagulla in suka zauna jikin sanholo a cikin ruwa, sai su zama kamar batir, sanholon ya riƙa cinyewa yana farin gari har ƙaramin rami ya zama babba. Tsaga kuwa, sai an huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba da tafiya, sa'an nan a yanko faci daga falle irinsa, a shafa abin toshewa, a ɗinke da ribit. Allon baya, inda inji ke zama, katako ne a tsakiyarsa, shi ne ke fara ruɓewa. Wannan kam aikin kafinta ne, ba mai ja da shi.

Maƙerin baƙi yana da guduma da uwar maƙera da haƙurin bugu, amma idonsa ne zai yaudare shi. Ya saba ƙarfe ya yi ja, ya yi fari, ya faɗa masa lokacin bugu. Sanholo ba ya canza launi, yana nan fari fat har ya zube. In aka yi ta bugun lotsawa a sanyi kuma, sai wurin ya ƙanƙare ya tsage. Mai walda na bakin kasuwa ma haka. Fatar da iska ke yi wa sanholo ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, alhali abin da ke ƙarƙashinta ya daɗe da zama ruwa, don haka injin da ke haɗa ƙofar ƙarfe huda jirgin zai yi. Waldar sanholo tana son iskar argon da inji na musamman da wuta tsayayya, abubuwan da sai an shiga birni. Mai zuba tukunya shi ne ya fi kowa sanin halin wannan ƙarfe, yana gane mai kyau da amon da ya yi in an ƙwanƙwasa, sai dai iliminsa na narkarwa ne. Ga ilimin gyaran nan a warwatse a hannun mutum huɗu, kowa da rubu'insa, a kasuwa ɗaya, rumfa na kallon rumfa.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan, wanda masu yabon sanholo kan manta. Jirgin katako in ya cika da ruwa, sau da yawa yakan tsaya yana lilo a sama, a sami abin kamawa. Na sanholo in ya cika, ƙasa zai tafi kamar kwano. Saboda haka a Amurka, tun shekarun 1970 doka ta tilasta wa masu ƙera ƙananan jirage su cusa soso mai hana nutsewa a ƙarƙashin kujeru. A tsohon jirgi wannan soso ya riga ya sha ruwa ko ɓeraye sun cinye, kuma mai gyaran da bai san dalilinsa ba zai ƙwaƙule shi ya zubar, ya ji daɗin ya sami wurin ajiye taru. Lissafin mai sauƙi ne: jarka mai lita 25, in babu komai a ciki kuma murfinta ya toshe, tana iya riƙe nauyin da ya kusa kilo 25 a kan ruwa. Guda huɗu da aka ɗaure tamau a ƙarƙashin kujeru sun isa su hana ƙaramin jirgi tafiya ƙasa. Aikin da gora take yi wa masuncin gurbi ke nan tun kafin a san dam, kuma shi kaɗai ne ɓangaren wannan sana'a da mutanen yankin suka gada.

Sai dai kafin a kai ga faci da jarka, akwai sikeli. Nijeriya ta gina masana'antar tace sanholo a Ikot Abasi, wato ALSCON, ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, aka sayar wa kamfanin RUSAL na Rasha a 2007, shari'a ta biyo baya, tukwanenta suka sake mutuwa. Don haka sabon falle daga waje yake zuwa da kuɗin waje, tsohon sanholo kuwa ya zama abin da 'yan gwangwan suka fi nema bayan tagulla. Sake narka shi ba ya cin fiye da kashi 5 cikin 100 na makamashin da ake kashewa wajen tace sabo, shi ya sa kasuwarsa ba ta faɗuwa. Ƙaramin jirgi mai tsawon ƙafa 14 bai cika wuce kilo 70 ba, kuma kusan dukkansa ƙarfe ne mai tsabta. Mai shi yana da zaɓi biyu. Ko dai ya nemi mota ya kai shi birni, ya biya mai argon, ya yi cigiyar ribit, ya jira, ko kuwa ya amsa sallamar yaron da ya tsaya da kura a ƙofar gida, da sikeli a rataye da kuɗi a hannu. Ba na ganin laifin manomin da taki ya gagare shi in ya zaɓi na biyu. Da gatari ake sara jirgin, a ninke fallayen a ɗaure da waya. Kilo 70 yana fitar da tukwane masu yawa, kuma ranar Lahadi ana jera irinsu a kasuwar Dambatta, manya a ƙasa, ƙanana a sama, 'yan mil kaɗan daga bakin ruwan Tomas.